Wasa 82 a kaka ɗaya: me ya sa wanda ya fi cin wasa ba lallai ya ɗauki kofin NBA ba?

"Assalamu alaikum Koci. Ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Kaduna, kuma tun ina yaro ƙwallon ƙafa nake kallo. Bara wani abokina ya ja ni kallon ƙwallon kwando ta Amurka, har ta shiga raina. Amma abu biyu sun ɗaure min kai. Na farko, a Firimiya wanda ya fi tara maki shi ke ɗaukar kofi, amma a NBA an ce min akwai ƙungiyar da ta ci wasa 73 cikin 82 kuma kofi ya wuce ta. Na biyu, sau biyu ina hana idona barci har ƙarfe ɗayan dare, na ƙona data, sai a ce gwanin da na tashi dominsa ba zai buga ba, wai yana hutu, alhali lafiyarsa ƙalau. To Koci, mene ne amfanin wasa 82 ɗin nan? Ko dai cin kuɗin masu kallo ne kawai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka biyu ce a baki, amma saiwarsu ɗaya. Abin da kake son sani shi ne, tunda wasannin da ake bugawa daga Oktoba zuwa Afrilu ba su ke ba da kofi ba, kuma su kansu masu ƙungiyoyin suna zaunar da gwanayensu a wasu darare, to me ake nema a cikinsu? Na buga wasan nan da ƙuruciyata, yanzu kuma na daɗe ina horar da yara da matasa a garin nan, kuma kusan duk wanda ya shigo mana daga ƙwallon ƙafa sai ya yi wannan tambayar. Zan amsa maka da kaka ɗaya ta ƙungiya ɗaya, wato Toronto Raptors ta ƙasar Kanada a kakar 2018 zuwa 2019. Na zaɓe ta ne saboda na bi ta wasa bayan wasa, kuma saboda mutumin da ya gina ta, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, a filayen Zariya ya fara riƙe ƙwallon kwando a hannun Koci Oliver Johnson, wanda duk ɗan wasan arewa ya sani da OBJ.

Gasa biyu ce a cikin riga ɗaya

NBA tana da ƙungiya 30, an raba su gida biyu, Gabas da Yamma, kowanne 15. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82, rabi a gida rabi a waje, cikin kusan wata shida. Firimiyar da ka saba da ita wasa 38 ne a kusan wata tara. Wato ɗan wasan NBA yana shiga fili sau uku ko huɗu a mako, kuma fiye da sau goma a kaka zai buga yau da dare, ya hau jirgi cikin daren, ya sauka wani gari da asuba, ya sake bugawa da daren ranar. Wasan nasu kuma minti 48 ne, kwata huɗu na minti 12, ba 40 irin namu ba.

Duk wannan wahalar ba ta ba da kofi. Abin da take bayarwa shi ne gurbi. Ƙungiya takwas daga kowane gida ke shiga wasannin fidda gwani (a 'yan shekarun nan shida na farko ke wucewa kai tsaye, na bakwai zuwa na goma su fafata kan gurbi biyun da suka rage). Daga nan komai ya sauya. Ana haɗa ka da ƙungiya ɗaya, ku yi ta karawa har sai wani ya ci huɗu, ko da za a kai wasa bakwai. Zagaye huɗu ne, saboda haka mai ɗaukar kofi sai ya ci wasa 16.

Ka san ɗan damben da ke yawon garuruwa bayan an cire amfanin gona. Yau yana wannan gari, gobe yana wancan, kuma a kowane fage wanda zai kara da shi bai taɓa ganin hannunsa ba. Irin wannan zai iya yin kisa goma a jere da salo ɗaya tak. To a ce masa ga mutum ɗaya, da shi za ka yi dambe dare bakwai. A dare na uku abokin karawar ya haddace inda yake saka ƙafa kafin ya kai naushi, ya san lokacin da numfashinsa ke yankewa. Haka lig, wato wasa 82 ɗin nan, da wasannin fidda gwani suke. A lig, kocin abokan hamayya safiya ɗaya yake da ita ya kalli bidiyonka, ga gajiyar tafiya, ga wani wasan gobe. A wasannin fidda gwani mako biyu za a yi ba shi da aikin da ya wuce kai. Idan akwai ɗan wasanka da ba ya iya tare mutum, za a yi ta kafa shinge, wato tare hanyar mai tsaro da jiki, har sai an haɗa shi da gwaninsu, a bi ta kansa sau goma a jere. Idan akwai wanda ba ya jefawa daga nesa, za a bar shi shi kaɗai a je a taru a kan wanda ke jefawa. Ranar wanka ce, ba a ɓoye cibi.

Akwai kuma batun benci. A lig koci yakan yi amfani da mutum goma ko fiye, don a raba gajiya. Ƙungiyar da 'yan bencinta suka fi na kowa tana tara nasara mai yawa a daren Talata na watan Janairu, lokacin da 'yan bencin wasu ke zubar da maki. Da an shiga fidda gwani sai koci ya rage zuwa bakwai ko takwas, gwanaye su riƙa buga minti 40 ko fiye. Nan take fifikon benci ya ragu, tambaya ta koma: cikin mutum goman da ke fili yanzu, wane ne ya fi kowa, kuma wa zai iya samar da kwando idan an toshe duk dabarar da aka zana?

Toronto ta wasa 59 da Toronto ta wasa 58

A kakar 2017 zuwa 2018 Toronto ta ci wasa 59, ta zo ta ɗaya a Gabas, abin da ba ta taɓa yi ba. Bencinta ya yi suna a shekarar, da yara irin su Fred VanVleet da Pascal Siakam ɗan Kamaru. Sai aka haɗa ta da Cleveland ta LeBron James a zagaye na biyu, Cleveland ta cinye ta huɗu ba ko ɗaya. Karo na uku ke nan a jere da LeBron ke fitar da su.

Abin da Masai ya yi bayan nan shi ne zuciyar amsarka. Ya sallami kocin, Dwane Casey, mutumin da aka ba kyautar kocin shekara a wannan kakar. Ya ɗaga mataimakinsa Nick Nurse. Sannan a watan Yuli ya ba da DeMar DeRozan, ɗan wasan da garin ya fi ƙauna kuma wanda ya nuna yana son ya ƙare wasansa a can, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, tare da Danny Green. Kawhi kuwa wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda ciwon jijiyar cinya, kuma shekara ɗaya ta rage masa a kwantiragi. Na tuna yadda muka yi ta musu a bakin fili a lokacin. Da yawa cikinmu sun ce ɗan Zariya ya yi ganganci, ya ba da tabbas ya karɓo ƙila. Ni kaina raina bai so yadda aka rabu da DeRozan ba, kuma har yau ina ganin mutumin ya cancanci a yi masa sallama mafi kyau. Amma lissafin Masai a fili yake: yana da ƙungiyar da ta iya cin lig, ba shi da mutumin da zai ci masa wasa na bakwai.

Da Kawhi ya iso, sai likitoci da masu kula da jikin 'yan wasan Toronto suka tsara masa kakar tun daga farko. Idan wasa biyu suka zo a jere, ɗaya zai buga. Idan jikin ya nuna alamar nauyi, ya zauna. A ƙarshe wasa 60 ya buga cikin 82. Duk wanda ya sayi tikiti ko ya hana kansa barci a sauran darare 22 ɗin ya ji irin haushin da ka ji. Sai dai ka duba abin da ya faru a dararen nan: Toronto ta ci 17 ta faɗi 5. A nan ne Siakam ya koyi ɗaukar ƙungiya a kafaɗarsa, har ya ci kyautar ɗan wasan da ya fi kowa samun ci gaba a shekarar. A nan ne Nurse ya yi ta gwada salon tsaro iri-iri, wasu su yi aiki wasu su watse, ba tare da tsoron cewa faɗuwa ɗaya za ta kore shi gida ba. A watan Fabrairu kuma, da aka ga inda gibi yake, aka ba da 'yan wasa uku aka karɓo Marc Gasol ɗan Sifaniya daga Memphis, dogo mai wayon tsaro, domin an san akwai Joel Embiid, dogon gwanin Philadelphia, a gaba. Ba a fafa gora ranar tafiya. Wannan shi ne amfanin wasa 82 ga ƙungiyar da ke neman kofi da gaske: wata shida na gano su wa za su tsaya a fili a minti biyar na ƙarshe, da kai su watan Afrilu da sauran ƙarfi a gwiwa.

Sun gama da nasara 58, wato ƙasa da ta bara da ɗaya, suka zo na biyu a bayan Milwaukee mai 60.

Daren da ƙwallo ta yi tsalle huɗu

Zagayen farko sun faɗi wasan farko a gida hannun Orlando, suka ci huɗu a jere. Na biyu da Philadelphia aka kai wasa na bakwai, ranar 12 ga Mayu, 2019. Azumi muke ciki. An fara wasan wajen sha biyun dare agogonmu, mu kusan goma muka taru a falon wani tsohon ɗan wasana a Unguwar Rimi, janareta na ƙugi a bayan taga, an shimfiɗa tabarma, an ajiye fulas ɗin shayi da ragowar ƙosan buɗa-baki. Wasan ba kyau. Kowa ya gaji, kowa ya san dabarar kowa, 'yan wasan Toronto da yawa sai su samu dama su ƙi jefawa, su miƙa wa Kawhi. Sau 39 ya jefa a daren, ya ci maki 41. Saura daƙiƙa huɗu da 'yan kai ana 90 da 90, ya karɓi ƙwallo, ya yi dama da ita har kusurwa, Embiid na biye da shi da tsawonsa duka, ya ɗaga ta sama sosai don ta tsallake hannun. Ƙararrawa ta buga ƙwallo na iska. Ta faɗa kan ƙarfen kwando ta yi tsalle, ta sake yi, ta koma ɗaya gefen ta yi biyu, sannan ta faɗa ciki. Kawhi na tsugune a gefen fili yana kallonta. Mu a falon nan ba wanda ya yi numfashi, sai da ta shiga wani yaro ya yi tsalle ya ture fulas. Ba mu koma barci ba, muka zauna muna maimaita ta har lokacin sahur.

Ga abin da nake so ka lura da shi. An buga wasan nan na bakwai a Toronto ne saboda sun ci 58 a lig, Philadelphia ta ci 51. Wanda ya fi nasara a lig shi ke karɓar baƙuncin wasa na ɗaya da na biyu da na biyar da na bakwai. Haka ma a zagayen ƙarshe, a Toronto aka fara, saboda sun fi Golden State da nasara ɗaya tak, 58 da 57. Saboda haka kada ka ɗauka lig banza ce. Tana saya maka fili da 'yan kallonka a daren da ka fi bukatarsu, tana kuma zaɓa maka abokin karawa mai sauƙi a zagayen farko.

Zagaye na uku shi ne ya fi koyar da ni a matsayina na mai horarwa. Milwaukee ta Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ta fi kowa nasara a lig, kuma shi aka ba gwarzon shekarar. Ta ci wasa biyun farko, na biyun ma da rata mai yawa. A wasa na uku Nurse ya ɗora Kawhi a kan Giannis, ya sa sauran suka riƙa jeruwa a bayansa kamar katanga duk lokacin da ya nufo kwando da gudu, aka ce masa in ka isa ka jefa daga nesa ko ka ba wani. An kai ƙarin lokaci har sau biyu. Kawhi ya buga minti 52 yana ɗingishi, Giannis ya tsaya a maki 12, aka fitar da shi kan cikar laifuka. Daga nan Toronto ta ci huɗu a jere. Salon da ya ci wa Milwaukee wasa 60, a mako ɗaya aka gano maganinsa, saboda an samu lokacin zama a kansa. Kuma mutumin da ya iya buga minti 52 a daren nan shi ne wanda aka yi ta zaunarwa a Disamba da Janairu. Wasa 24 Toronto ta buga a fidda gwani, bai rasa ko ɗaya ba, yana cin sama da maki 30 a kowane wasa idan aka raba.

A zagayen ƙarshe da Golden State har wani tsohon salo Nurse ya zaro, wanda mu nan muke amfani da shi a gasar 'yan makaranta idan abokan karawa gwani ɗaya gare su: mutum huɗu su tsare yanki kamar kusurwoyin akwati, na biyar ya manne wa gwanin duk inda ya sa ƙafa. VanVleet aka manna wa Stephen Curry, gwanin Golden State. Toronto ta ɗauki kofi a wasa na shida, 114 da 110, ranar 13 ga Yuni, karo na farko da kofin ya bar Amurka.

Inda hujjata ta tsaya

Ba zan ɓoye maka ba, labarin nan yana da gefen da ba dabara ba ce. LeBron ya bar Gabas ya koma Los Angeles Lakers a bazarar 2018, hanya ta buɗe. A zagayen ƙarshe Kevin Durant na Golden State bai buga huɗun farko ba, ya dawo a na biyar agararsa ta tsinke. Abokin wasansa Klay Thompson ya ji mummunan rauni a gwiwa a na shida. Ita kanta ƙwallon Philadelphia, da tsallen farko ya karkata kaɗan, da ƙarin lokaci za a je, kuma Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Hutar da ɗan wasa ba ya ba da kofi, yana ba ka dama ce ka isa wurin da za a raba rabo kana tsaye da ƙafarka. Ita ma Toronto ta rasa OG Anunoby gaba ɗaya a fidda gwani saboda tiyatar afendis, abin da ba wani tsarin hutu da zai hana.

Ƙungiyar da abokinka ya ba ka labari kuwa Golden State Warriors ce ta kakar 2015 zuwa 2016. Ta fara da cin wasa 24 a jere, ta gama da 73, ta karya tarihin Chicago Bulls ta Michael Jordan mai 72 a 1996. Mutane da yawa suna cewa neman tarihin ne ya cinye musu ƙarfi. Ni ban ɗauki wannan magana gaba ɗayanta ba. Gaskiya ne Curry ya ji ciwo a idon sawu da gwiwa a zagayen farko, amma duk da haka sun kai suna gaban Cleveland uku da ɗaya a zagayen ƙarshe. Sai aka dakatar musu da Draymond Green a wasa na biyar, Andrew Bogut nasu ya ji rauni a wasan, LeBron da Kyrie Irving na Cleveland suka tashi tsaye. A wasa na bakwai ana 89 da 89 saura ƙasa da minti ɗaya Kyrie ya jefa mai maki uku, aka tashi 93 da 89. Ƙungiyar da ta zo wannan kusa ba za a ce tsarinta ya lalace ba. Abin da za a ce shi ne, 73 ɗin ba ta ƙara musu ko maki ɗaya a daren ba. A ɗaya gefen kuma ga Houston ta Hakeem Olajuwon a 1995: wasa 47 kawai ta ci, ta shiga a matsayi na shida, ta bi ta kan Utah da Phoenix da San Antonio, ta cinye Orlando huɗu ba ko ɗaya. Duka huɗun sun fi ta nasara a lig.

Kan zancen kuɗi, kana da gaskiya, kuma ba zan kare su ba. Tun kakar 1967 zuwa 1968 ake buga 82, lokacin da wasan bai kai gudun na yanzu ba. Kowane wasan gida tikiti ne da abinci da talla da kuɗin talabijin, kuma albashin 'yan wasan daga wannan tukunyar yake fitowa, shi ya sa rage yawan wasannin ke da wuya duk da koci irin Steve Kerr ya sha kiran a rage. Hukumar NBA ta san masu kallo na cutuwa. Tun 2012 ta ci tarar San Antonio dala 250,000 saboda ta mayar da manyan 'yan wasanta gida gabanin wasa da Miami, kuma daga kakar 2023 zuwa 2024 ta ce wanda bai buga wasa 65 ba ba zai shiga takarar gwarzon shekara ba. A ganina wasannin sun yi yawa. Talakan da ya tara kuɗi ya kai ɗansa ya ga gwani sau ɗaya a shekara, aka ce masa gwanin na hutu, an zalunce shi, ko da likita na da hujja.

Abin da na gani da idona a namu filin

Ni ban taɓa horar da ƙwararru irin na NBA ba, yara da matasa nake riƙewa, kuma namu tsarin daban ne. A nan ba a yawan yin gida da waje na wata shida. Ko a babbar gasar ƙasar nan, wadda aka saba raba ta shiyyar Savannah da ta Atlantic, inda irin su Kano Pillars da Gombe Bulls da Rivers Hoopers ke fafatawa, sau da yawa tara ƙungiyoyi ake yi a gari ɗaya a yi ta bugawa kullum har mako ya ƙare. A gasannin matasa abin ya fi haka tsanani. Wato kakar gaba ɗaya ake matsewa cikin kwana shida, a kan siminti, bayan tafiyar mota.

Wata shekara na kai yara irin wannan gasar da hunturu. Ina da yaro ɗaya, siriri, ɗan shekara 17, wanda rabin makinmu daga hannunsa yake fitowa. Na sa a raina sai mun zo na ɗaya a rukuni. Wasa uku na rukuni ban fitar da shi ba sai minti ɗaya ko biyu, har a wasan da muke gaba da maki ashirin. Mun zo na ɗaya. A wasan kusa da na ƙarshe, kwata na uku, na ga ya sunkuya ya kama bakin gajeren wandonsa da hannu biyu lokacin da ake jifar kyauta. Leɓensa ya tsage saboda iska. Daga nan duk jifar da ya yi gaban ƙarfen kwando take duka ta dawo. Idan jifa ta riƙa gazawa haka, ba hannu ne ya lalace ba, ƙafa ce ta mutu, domin daga ƙafa jifa ke tasowa. Na juya benci, na ga yara biyar waɗanda kwana uku ban ba su ko minti biyar ba, idanunsu cike da tsoro, domin ban taɓa barinsu sun yi kuskure a wasan da kuskure ba ya kisa ba. Mun faɗi da maki huɗu. A mota muna dawowa yaron ya ɗora ƙanƙara a leda kan gwiwarsa, bai ce uffan ba har Kawo. Laifina ne, ba nasa ba, kuma gwiwar ta dame shi wata biyu. Tun daga ranar, a wasannin rukuni ba na barin kowa ya wuce minti 28, kuma kowane yaro sai ya shiga kafin hutun rabin lokaci, ko da hakan zai sa mu zo na biyu.

Sai dai ina jan kunnen yarana kada su ɗauki zancen hutun Kawhi su mai da shi hujjar gudun atisaye. Shi mutum ne mai tsohon rauni da ya buga wasa sama da tamanin a kakar, likitoci na auna shi kullum. Yaron Kaduna da ke samun wasa goma sha biyar na gaske a shekara ba yawan wasa ke damunsa ba, ƙarancinsa ne, da rashin takalmi mai kyau, da rashin abinci da ruwa isasshe a ranar gasa.

Yadda za ka kalli kakar ba tare da ka yi asarar barci ba

Idan kana son sanin ƙungiyar da za ta yi nisa, kada ka tsaya kan yawan nasara kaɗai. Duba ratar maki tsakanin abin da take ci da abin da ake cinta a duk kakar, domin ƙungiyar da ke yawan tsira da maki ɗaya ko biyu sa'a na taimakonta, kuma sa'a ba ta zama. Duba yadda take yi da manya 'yan'uwanta. Duba su wa koci ke barin su a fili idan wasa ya yi zafi a minti biyar na ƙarshe, domin su ne ƙungiyar ta gaskiya. Sannan ka tambayi kanka ko tana da mutum ɗaya da zai iya samar da kwando shi kaɗai idan an toshe komai. Toronto ta sake nuna wannan a shekarar da ta biyo baya: Kawhi ya tafi Los Angeles Clippers a Yulin 2019, ragowar suka ci 53 cikin 72 a kakar da korona ta gajarta, abin burgewa ƙwarai, amma Boston ta fitar da su a wasa na bakwai na zagaye na biyu.

Batun tashin dare kuwa, ƙanena, ka sauƙaƙa wa kanka. Kafin kowane wasa ƙungiyoyi na fitar da jerin waɗanda ba za su buga ba da waɗanda ake shakka a kansu, ka duba shi bayan Isha'i kafin ka saita ƙararrawa. Idan ƙungiyarka ta buga jiya kuma yau tana wani gari, kwanta abinka, da safe ka kalli taƙaitaccen bidiyon. Wasannin ranar Kirsimeti na farkonsu yakan fara wajen ƙarfe shida na yamma agogonmu, haka wasu na ranar Lahadi sukan zo da wuri, waɗannan ka kama su. Ka fara sa ido sosai bayan an rufe kasuwar musayar 'yan wasa a Fabrairu, lokacin ne kowace ƙungiya ke nuna ainihin fuskarta. Datarka da barcinka kuma ka adana su zuwa tsakiyar Afrilu, daga nan har Yuni babu gwanin da zai zauna sai in ba ya iya taka ƙafa. In kuma ka samu sarari wata Asabar da safe, ka leƙo filin Murtala Square ka tsaya kusa da benci a kwata na huɗu, zan nuna maka yaron da ƙafarsa ta fara mutuwa tun kafin jifarsa ta fara dukan ƙarfe.